Murfin Gora a Hancin Jirgi

Ikeja, Ikko.
4 ga Oktoba, 1987.

Zuwa ga 'yata Zulaihatu,

Ina gaishe ki, ki kuma gaishe min da Yaya Hure, da fatan ƙafar tata ta yi sauƙi. Mu ma nan lafiya lau. Tun da aka rage mu daga aikin gyaran jirage nake koyar da samari aikin inji a wata makarantar yamma, kuma alhamdu lillahi ana cin tuwo.

Kafin ki taɓa injin ɗan ƙaramin jirgin samfurin da kike ƙerawa, wanda Abdulƙadir direba zai miƙa miki, bari in raba ki da wani kuskure da kusan kowa yake yi, har ni kaina a farko. Mutum ya dubi murfin da ake rufe hancin jirgi da shi, sai ya ɗauka in an buɗe masa ƙatuwar ƙofa a gaba, iska za ta shiga ta sanyaya inji, shi ke nan. Ba haka ba ne. Ki tuna ɗakin girkin Yaya da damina. Ƙofa a buɗe take wangale, amma hayaƙi sai ya kore ki, saboda ba taga ta baya. Iskar da ta shiga ba ta sami mafita ba tsayawa take ta ɗauki zafi, ta kuma tare wa sabuwa hanya. Saboda haka mafitar iska ita ce babba. Ta ninka mashigar sau biyu, ko ma uku.

Na sa miki zane a kan takarda, girmansa daidai da na murfin, sai ki ɗora ki bi. Ƙofa ɗaya a gaba, bayan farfela. Tsaga uku a baya, ta ƙasa. Hudar fulogi, hudar salansa, da 'yar ƙaramar huda ta saita kafireta. Tsakanin kan injin da murfin ki bar faɗin yatsa. Man inji kashi ɗaya, fetur kashi ashirin da biyar.

Riƙe wayoyin da ake sarrafa jirgin da su daga ƙasa yana zagaya mutum kam ba na jin ki, tun kina aji biyu kin fi ni iya juyi da ƙaramin jirgin nan namu. Abin da nake jin tsoro shi ne zafi. Injin nan shi kaɗai gare ni. Na zaga duk inda ake sayar da kayan gyara a garin nan, ringinsa ko guda babu, tun da shigo da kaya ya gagara. In ya yi zafi ya cije, an gama.

Ki rubuto min yadda ake ciki. Ina zumuɗin abin nan kamar yaro.

Kawunki,
Badaru.

Ɗinya, ta Makoda.
18 ga Oktoba, 1987.

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Inna ta ce ƙafa da sauƙi, jiya ma sai da ta fita tsinkar gyaɗa duk da an hana ta. Gero ya yi kyau bana, dawa ce ba ta sami ruwan ƙarshe ba.

Inji ya iso, mun ɗaure shi ni da 'yan ajina. Murfin ne ya ba mu wahala. Wani maƙeri a kasuwar Makoda ya buga mana na gwangwani, sai nauyinsa ya rinjayar da hancin jirgin ƙasa. Ina cikin wannan damuwa na hangi wata gora a rataye a jikin rumbun Inna. Kawu, kamar an shuka ta ne don jirginmu. Ba nauyi, ga ƙwari, ga siffa. Na yanke mata wuya da gindi, na ɗora zanenka na bi. Ina kan tsaga ta uku ta dare min, amma an gyara.

Matsalar ita ce, in ba murfi injin yana aiki har man ya ƙare. In na sa murfi, minti uku ba ya cikawa sai murya ta canza, ya fara tari, ya mutu. Ba murfi kuma ba zan iya tashinsa ba, don na gwada tura shi a gona, farfela ta kwashi yashi ta watsa wa kafireta.

Bari in faɗa maka abin da ya sa nake gaggawa. Ajin kimiyyar da nake koyarwa bara mutum ashirin da shida ne, yanzu saura goma sha uku. Da an gama girbi iyaye suke tura yara cirani, sun ce takardar makaranta ba ta ba kowa aiki yanzu. Shugaban makaranta ya ce in muka gaza goma za a rufe ajin. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya na roƙi iyayen su dakata har su ga abin da 'ya'yansu suka ƙera da hannunsu yana tashi. Sun yarda, amma da ƙyar.

Fili kuma ka san garinmu, ko ina ka taka gonar wani ce, kowace da gawo ko kuka a tsakiya. Gonar gyaɗar maƙwabcinmu Malam Hadi ce kaɗai za ta ishi da'irar wayoyin. Ya ba ni aro, amma ya ce, “Malama, gonata ba filin alhazai ba ce. Ranar da mangalar taki ta farko ta iso daga birni, ko jirgin Makka ne sai ya matsa.” Ya ce wajen tsakiyar Disamba jakuna za su fara zuwa.

Me zan yi?

'Yarka,
Zulaihatu.

Ikeja, Ikko.
1 ga Nuwamba, 1987.

Zulaihatu,

Takardarki ta iso, na ji daɗin jin lafiyar gida. Ki ce wa Yaya in ta ƙara fita gona zan zo da kaina in ɗaure ta. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, ta wuce.

Gora! Na karanta wa samarina wannan wurin sau biyu. Shekara goma sha tara ina aikin nan ban taɓa tunanin gora ba. Allah ya yi miki albarka.

To amma abin da kika kwatanta zafi ne, ba wani abu ba. Injin da ke aiki a fili ya mutu a cikin murfi, iska ce ba ta wucewa. Na zauna na sake auna zanena, ban ga inda na yi kuskure ba, kuma abin ya dame ni. Ki amsa min waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Kin yanke tsagogin baya guda uku yadda na zana? Faɗin kowace nawa ne, ki sa rula ki auna, kada ki ƙiyasta da ido. Salansa ta fito waje sarai, ko tana huci a ciki? Kin bar faɗin yatsan nan?

Na san ki da ɗoki. Tun kina ƙarama ba kya karanta takarda har ƙarshe kafin ki fara aiki. In akwai wurin da kika tsallake, ki faɗa min kawai. Kuma don Allah kada ki sake tayar da shi a cikin murfin nan sai na ji daga gare ki. Kowane tari da kika ji yana yi, cin jikinsa yake.

Kawunki,
Badaru.

Ɗinya, ta Makoda.
15 ga Nuwamba, 1987.

Kawu,

Muna lafiya, Inna tana gaishe ka. An fara yankan dawa.

Na karanta takardarka har ƙarshe, sau uku ma. Ban tsallake komai ba. Tsagogin nan uku da hannuna na yanke su, kowace faɗin yatsa biyu, da rula na auna. Salansa a waje take. Faɗin yatsa yana nan.

Ka ce kada in tayar da shi sai ka ji daga gare ni. Kawu, daga nan zuwa Ikko da dawowa wata guda ne a motar Abdulƙadir. Wata guda shi ne duk abin da ya rage min. Saboda haka na tayar da shi. Na ƙara faɗin ƙofar gaba har ana ganin rabin injin, na ce ko iska za ta fi shiga. A minti biyu ya mutu, har da ƙaurin gora. Na cire fulogi na ga ya yi fari fat. Na juya farfela da hannu, tana juyawa, bai cije ba.

Feturin da na samu galan ɗaya ne, kwana biyu wani ɗan'uwanmu na wajen Bici ya yi a layi kafin ya samo min. Ya kusa rabi.

Yara biyu sun tafi ranar Laraba, ɗaya Kaduna wajen dako, ɗaya Sakkwato. Saura goma sha ɗaya. A bakin kasuwa yanzu in na wuce sai in ji ana cewa, “Malama, yaushe za a ɗebi fasinja?” Ina yin dariya in wuce, in na shiga gida in rasa abin da ke min daɗi.

Ka ba ni wata dabarar.

Zulaihatu.

Ɗinya, ta Makoda.
29 ga Nuwamba, 1987.

Kawu,

Ina gaishe ka. Kowa lafiya. Abdulƙadir bai dawo ba, ba kuma wanda ya kawo takarda daga gare ka. Na san fushi ka yi, kuma kana da gaskiya, don na saɓa maka. Wannan ta gidan waya zan aika, ko ta iso ko kada ta iso.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ban yi ƙarya ba da na ce na yanke tsagogin. Abin da ban faɗa ba shi ne, yanzu babu su.

Da gorar ta dare, sai na kai wa baffanka, Kaka Usaini gyartai. Na same shi a zaure yana gyangyaɗi. Ya juya ta, ya leƙa, ya ce, “Amaryata, wa ya yi wa gorar nan wannan ta'asa, ɓera ne ko ke?” Na ce ya ɗinke min inda ta dare kawai, na wuce makaranta ina sauri. Ban yi masa bayanin sauran ba.

Kwana huɗu ya yi a kanta. Ya ɗinke darewar, sannan ya yanko ɓallin ƙwarya ya toshe tsagogin nan uku, ya bi su da zaren kaba, ya like da ƙaro. In ba ka sa yatsa ba, ba za ka san an taɓa yanka wurin ba. Ramukan fulogi da salansa ma cewa ya yi zare ne ya ƙare masa, da ya rufe su. Da kansa ya kawo min har gida, yana dogara sanda. Ya sa aka kawo moɗa ya zuba ruwa a kan ɗinkin a gaban Inna da maƙwabta, ya ce, “Ku duba. Ko ɗigo.” Kowa ya yi ta yabo.

Ka san tun da robobi suka cika kasuwa ba mai kai masa ƙwarya. Inna ta ce rabonsa da riƙe basilla tun kafin damina, kuma ranar da ya gama aikin nan tuwo ya ci har da ƙari. Duk wanda ya zo zaure sai ya ba shi labari shi ne ya gyara hancin jirgi. Sau uku ina ɗaukar wuƙa in farke ɗinkin, sai in ajiye. Na duba goruna a gidaje bakwai ko zan sami wata in yi sabo a ɓoye, duk ko sun yi ƙanƙanta ko sun karkace. Shi ya sa na yi ta faɗaɗa gaba, alhali tun takardarka ta farko na san ba zai yi ba.

Na sa ka kana ta auna zanen da ba shi da laifi. Ka yafe min. Malam Hadi ya aiko jiya cewa masu jakuna sun ce ranar sha biyu ga Disamba za su zo.

'Yarka,
Zulaihatu.

Ikeja, Ikko.
7 ga Disamba, 1987.

'Yata,

Lafiya nake, ba fushi nake ba. Motar Abdulƙadir ce ta lalace a Jabba, kwana goma sha shida suna jiran ƙarfe ɗaya. Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni. Na karanta ta farko raina ya ɓaci, na karanta ta biyu na zauna a bakin gado na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Baffa Usaini! Ai da kin ce shi ya taɓa ta, da ban yi tambaya ko ɗaya ba. Mutumin da in ya ga huda a jikin ƙwarya ba ya iya cin abinci sai ya rufe ta. Ni ma da nake yaro na huda wata ƙwarya zan yi tarkon tsuntsu, kafin in dawo daga makarantar allo ya ɗinke ta.

Amma Zulai, kusan wata biyu muka ɓata. Ni ina nan ina zargin ɗokinki, ke kina can kina ƙona injin don kunya. Da kin rubuta layi ɗaya. Ni ma da na tambayi wa ya yi gyaran, tun da kin ambata shi. Abin da ya fi ci min rai shi ne ina da amsar a hannuna, amma ba yadda zan yi in miƙa miki kafin sha biyu ga wata.

Ko ta makara, ga ta. Ki sa wuƙa mai kaifi ki farke. Gaban da kika faɗaɗa ya sa dole bayan ya ƙara faɗi, ki ƙara tsaga ta huɗu. Baffa zai ji haushi kwana biyu ya manta. Yaran nan in suka tafi ba lalle su dawo ba.

Ki rubuto ko me ya faru, ko da mummuna ne.

Kawunki,
Badaru.

Ɗinya, ta Makoda.
20 ga Disamba, 1987.

Kawu,

Ina gaishe ka, Inna da Kaka Usaini suna gaishe ka. Takardarka ta iso ranar sha tara, mako guda bayan an gama komai. Gara da ta makara, don da na bi shawararka ta wuƙa da gorar ta rabe biyu.

Da na gaji da jira, ranar Juma'a bayan an sauko na ɗauki jirgin ɗungurungum na kai zauren Kaka. Na tayar da injin a gabansa, na kama hannunsa na ɗora a bayan murfin, na ce ya ji. Ya janye da sauri. Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa.

Ya juya murfin, ya shafa ɗinkinsa. Can ya ce, “Wato abin naku numfashi yake yi?” Na ce e. Ya ce, “Ni kuma na kwana huɗu ina shaƙe shi.” Na ce laifina ne, ban yi bayani ba. Ya ce, “Laifinki ne mana. Wata guda da rabi kina wuce ni kina gaishe ni kamar mutuniyar kirki. Kin ɗauka ban san gorar da ake hudawa da gangan ba? Masu kaɗa gurmin garin nan wa yake huda musu? Na sake ki, amarya, je ki gidanku.” Mutanen zaure suka fashe da dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo min.

Ya hana ni taɓa wuƙa. Ya ce busasshiyar gora ba a shigar ta da wuƙa, shi ya sa ta dare min tun farko. Ya jiƙa ta, ya sa basilla a wuta, ya ƙona 'yar huda a kowace kusurwa don kada tsaga ta sami hanyar gudu, sannan ya haɗa hudojin da ɗan zartonsa. Ya bi bakin kowace tsaga da ɗinki kamar wuyan riga. Ni na ce a yi huɗu, shi ya ce biyar, muka yi biyar. Injin ya yi minti goma sha biyu a cikin murfi, murya ba ta canza ba.

Ranar Asabar sha biyu ga wata muna isa gona da sassafe muka tarar jakuna sun riga mu, har an zube tsibin taki uku ta gabas. Na roƙi Malam Hadi. Ya dubi iyayen da suka taru, ya ce wa masu jakuna su tsaya a kan iyaka. “Zuwa hantsi, Malama. Jaki ba ya jira da kaya a baya.”

Ya tashi, Kawu. Ya ɗan yi gudu a kan yashi, na ja hannu, sai na ji nauyinsa ya dawo kan wayoyi. Zagaye tara na ƙirga kafin jiri ya fara ɗibata. Ina jin Kaka yana ihu, “Hancina ne! Ku dubi hancina!” Da mai ya ƙare na sauko da shi, ƙafa ɗaya ta daki tsibin taki, fiffiken hagu ya karye. Murfin ko ƙwarzane, ba kuma ƙauri.

Ba duka aka samu ba. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya zo ya ce, “Na gani, ya tashi, Allah ya ƙara basira. Amma hatsina ba zai kai azumi ba.” Washegari ɗansa ya bi mota zuwa Kano, kuma shi ne ya fi kowa iya saita kafireta. Saura goma cif. A cikin goman ma akwai wadda babanta ya ce zai sake dubawa bayan azumi. Shugaban makaranta ya ce ajin yana nan zangon gaba. Gonar Malam Hadi kuwa yanzu tsibi ne ko ta ina, sai baɗi.

Na ba Abdulƙadir goruna biyu da basilla ɗaya daga Kaka. Ya ce a faɗa maka shekara goma sha tara kana taɓa jirage ba ka iya huda gora ba, abin kunya ne a gidanku. Ka jiƙa ta tun safe, ka fara da kusurwoyi, kada ka matsa wa zarto. Ka gwada da hannunka a gaban samarinka. Ta biyun don in ta farkon ta dare maka ce.

'Yarka,
Zulaihatu.